Riguna Sittin na Mas Jatmiko

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a teburin Yu Ponirah da ke bakin lungunmu ya san Mas Jatmiko babban mai zane ne, domin shi da bakinsa ya gaya masa. Shekara biyu ya yi a makarantar koyon zane ta nan garinmu Jogja kafin ya bar ta, ko ita ta bar shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Zanensa irin wanda ba ya kama da komai ne. Zai watsa ja, ya watsa baƙi, ya yago takarda ko tsumma ya manna a kai, sannan ya ja da baya ya kanne ido ɗaya yana gyaɗa kai. In ka kuskura ka tambaye shi mene ne wannan, sai ya dube ka da tausayi, ya ce ba laifinka ba ne, ba a koya maka kallo ba.

Abin da ke ciyar da shi kuwa shagon surukinsa ne, Pak Darmaji, wanda ya shekara talatin da huɗu yana buga rubutu da tambari a jikin riguna, na 'yan makaranta, na 'yan ƙwallo, na 'yan siyasa in kakarsu ta zo. Tun da Jatmiko ya auri 'yarsa Lasmini aka ba shi wanke rariyar bugu da jan robar da ake matse launi da ita, yana yi yana ƙunƙuni, wai an ɗauko wuƙar gado ana feraye rogo da ita. Amma shagon nan yana sonsa har cikin ransa. Shekara bakwai unguwa na kiransa mijin Lasmini, abin na ci masa tuwo a ƙwarya, ba shi da burin da ya wuce ya ga sunansa a allon ƙofar shagon.

Ana nan sai yana ta rufe wa tsohon ido, ɗansa da ke Surabaya ya matsa lallai ya zo a cire masa. Ranar tafiya ya kira Jatmiko, ya ciro makullin shagon da igiyarsa daga wuya.

"Kwana goma zan yi. Aiki ɗaya ne a gabanka, riguna sittin na masu hidimar bikin 'yar mai unguwa. Farar riga, sunan ango da amarya a ƙirji, zobe biyu a ƙasa. Lasmini ta riga ta zana. In na dawo na tarar an yi shi yadda ake yi, makullin nan ya zama naka, ni na gaji. In na tarar da wani abu daban, zan san wanda zan ba."

Jatmiko ya rataya makulli, ya ce Pak ya je ya huta, riga sittin ai ko da ido rufe. Tsohon ya ce shi ma shekara biyu ke nan da ido rufe yake yi, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da kaya.

Da mutumin naku ya tsaya a nan, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma washegari a teburin shayi ya ji cewa kawun ango, wani Pak Hendarto, attajiri ne a Jakarta mai sayen zane-zane, gidansa har banɗaki da zane a bango. Jatmiko ya ajiye kofi bai ƙarasa sha ba. Kafin ya isa gida ya gama tsara komai: a gaban kowace riga zai buga sabon tambari na kansa, a bayansu kuma zai ja zane guda ɗaya tilo wanda ya ratsa riguna sittin, ba mai ganin cikarsa sai masu hidima sun jeru kafaɗa da kafaɗa. A kafaɗun kuma zai manna ƙyallaye. Zane mai tafiya da ƙafa, mai raba shayi, abin da ba a taɓa yi ba daga nan har Jakarta.

Lasmini ta saurare shi har ya kai aya.

"Mas, suna biyu da zobe biyu. Abin da aka ce ke nan."

"Dik Lasmini, zobe biyu kowane mai shago zai buga. Ni an ba ni mutum sittin a kyauta, ga mai saye zai zauna awa uku yana kallonsu."

"Zai zauna yana cin abinci."

"Zai ci yana kallo."

"Makullin fa?"

"In mutumin nan ya sayi aikina, mahaifinki da hannunsa zai ƙara min da na gidan."

Ta sa shi ya rantse cewa sunan ango da amarya za su hau rigunan, ya rantse da zuciya ɗaya, don ya yi niyyar cusa su da siririn rubutu a tsakanin layukansa. Daga nan ba ta ƙara samun sararinsa ba. Bikin gidan mai unguwa Pak Tukiran ne, duk matan lungun suna can bayan gidansa tun sassafe har yamma, ana yankan albasa ana gurza kwakwa, mako guda cur.

Aikin farko shi ne gasa rariya. Ana shafa mata koren magani a cikin duhu, a ɗora zanen a kai, a danne da gilashi, a fito da ita rana. Inda rana ta taɓa maganin ya ƙafe, inda zane ya tare ya wanke da ruwa, ta nan launi ke bi ya sauka a riga. Pak Darmaji Ƙulhuwallahu ƙafa uku yake karantawa ya koma da ita ciki, ba ƙari ba ragi. Jatmiko ya ce wannan lissafin masu buga buhun shinkafa ne, shi a jikinsa yake jin lokaci. Ya fito da rariyar har bakin lungu don jama'a su shaida, ya kwantar da ita a kan benci, ya juya mata baya, ya soma yi wa masu shan shayi bayanin yadda mai zane na gaskiya ba ya kuskure, duk abin da hannunsa ya yi nufi ne.

Yana cikin haka kazar Yu Ponirah ta yi tsalle ta hau gilashin. Ta ji ɗumi, ta gyara zama, ta lumshe ido. Mu kuwa mutanen nan ba ma katse wa mutum hanzari yana tsakiyar magana, ba tarbiyya ba ce. Saboda haka mutum tara suka zauna suna kallon kaza ta bayan kafaɗarsa, suna gyaɗa masa kai, har ya yi kusan rabin awa. Sai da ta gaji don kanta ta sauka sannan ya ce ya ji a jikinsa lokaci ya yi.

Da ya watsa wa rariyar ruwa ya ɗaga ta sama, sunan ango ya tafi, sunan amarya ya tafi, siraran layukansa duk rana ta toshe su. Abu ɗaya ne ya fito tsaf kamar an yanka da almakashi: kaza a kwance, da baki da zanko da guntun bindi. Magani na nan a shago, rana na nan a sama, ba abin da zai hana shi sakewa, sai dai idanu goma sha takwas da ke kansa da kuma abin da bakinsa ya gama faɗa yanzun nan. Ya ce alhamdulillahi, ta fito yadda ya so.

Yu Ponirah ta goge hannu a zani ta matso.

"Mas Jat, wannan ai kazata ce."

"Yu, wannan siffar yalwa ce da hayayyafa. Addu'a ce ga ma'aurata."

"To yalwar tawa ce, da bindin nake gane ta. Karen gidan dagacinmu Pak Lurah ne ya cinye rabi."

"Ke kaza kike gani saboda kaza kike sayarwa."

"Kai kuma me kake sayarwa da ba ka ganinta?"

Haka aka buga kaza sittin, baƙaƙe wuluk, ɗaya a ƙirjin kowace riga.

Rana ta uku ya shimfiɗa rigunan rub-da-ciki a tsawon lungun, ya rubuta wa kowace lamba a wuya, daga ɗaya zuwa sittin. Akwai wani farin ruwa a jarka da Pak Darmaji ke zuba wa kowane launi don ya kama yadi, sannan in riga ta bushe a bi ta da dutsen guga mai zafi. Jatmiko ya daɗe yana jin haushin ruwan nan, ya ce shi ke sa ja ya koma kamar jinin da aka wanke. Shi launi mai kauri yake so, wanda zai tashi tsaye a kan yadi. Tun wajen buga kazar bai zuba shi ba, yanzu kuma ya dama kokon rogo tukunya biyu, ya juye ja da shuɗi da rawaya a ciki. Guga kuwa ya ce ba a taɓa jin inda aka goge zane ba.

Ya tsoma mofa a tukunya ya bi layin rigunan da gudu, ya dawo da shuɗi, ya sake komawa da rawaya yana tsalle yana yarfi. Lungu ya toshe. Masu babur suka taru ta kai da ta gindi suna jira cikin haƙuri, don an ce musu aikin gidan mai unguwa ne. Kang Sarjiyo mai keken haya mai taya uku ne kaɗai bai jira ba, ya ɗauko wata tsohuwa da kwandon kayan miya, birkinsa kuma sai addu'a. Ya bi ta kan lamba ashirin da biyu har zuwa talatin, ya bar sawun taya uku. Ya sauko yana ba da haƙuri, Jatmiko ya rungume shi, ya ce abin da aikin ya rasa ke nan, ya roƙe shi ya sake bi ta ɗaya gefen. Kang Sarjiyo ya ƙi, ya ce tsohuwar ta fara salati.

Saura ƙyallayen kafaɗa. Ya tara tsofaffin jaridu da tikitin mota da guntun koma, amma yana son yadi mai daraja da zai ɗaure aikin gaba ɗaya. Sai ga iska ta jefo masa wani zanen ɗaurawa na maza, kore mai gida-gida, daga igiyar wani maƙwabci zuwa tsakar shagon. Bai tambayi mai shi ba, ya ce kyauta ce daga sama, ya yanka shi gida sittin ya manna da sauran kokon. A ranar ne Pak Tukiran ya fara zagaya unguwa yana cigiyar zanen da ya zo da shi daga aikin hajji. Da ya biyo ta shagon ya tambayi riguna, aka ce masa suna shan iska, kada a buɗe. Suna can ciki kuwa a kan igiya, tururuwa ta gano zaƙin rogo ta yi musu layi tun daga bango.

Sau uku mai unguwa na aikowa, sau uku ana cewa gobe. Jatmiko bai fito da kayan ba sai safiyar Lahadi, ranar biki, rumfa ta rufe titi, kujeru ɗari uku sun jeru, masu kiɗa suna gwada kayansu. Ya san a wannan lokacin ko buhu ya kawo sai an sa. Masu hidima suka buɗe leda, maza da mata. Rigunan sun ƙame, har ƙara suke in an warware su. Pak Tukiran ya ɗauki ɗaya ya dubi kazar, ya juya ya dubi bayan, ya kai hannu ya shafa koren ƙyallen kafaɗa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya yi murmushi ya ce lallai an sha aiki. Duk ɗan unguwarmu da ya ga mai unguwa ya yi wannan murmushin ya san gara a zage shi, amma Jatmiko ya sunkuyar da kai ya ce ai yi wa kai ne.

Lasmini ta fito daga wajen girki da ludayi a hannu, ta ga abin da ke jikin mutane. Ta iso gaban Jatmiko. Ta dubi makullin mahaifinta da ke lilo a wuyansa, idonta ya kawo ruwa, ta juya ta koma ga tukunyarta.

Matsala ta farko, shi lambobin bisa ga zane ya jera su, bai kula da girman jiki ba. Lamba bakwai ta faɗa hannun Kang Sarjiyo, ta tsaya masa a saman cibiya, wata siririyar yarinya kuma ta ɓace cikin lamba arba'in. Mutane suka yi ta musaya har kowa ya sami daidai shi, layin raba abinci kuma ya tsaya yadda aka saba tun kaka da kakanni, kowa da sashen kujerun da yake kula da su. Jatmiko ya ga zanensa ya zama gauraye, ya shiga tsakaninsu yana jan wannan gaba yana tura wancan baya, tire a hannunsu. A bikinmu shayi ke fara fita da ɗan abin taɓawa, sai romo, sai shinkafa, ƙanƙara mai zaƙi ce ta ƙarshe, in ta fito kowa ya san sallama ce. Ranar nan wasu sun sha romo sau uku ba su ga shayi ba, dangin ango na layin baya kuma aka fara kai musu ƙanƙara, har suka miƙe za su tafi cikin fushi, da ƙyar aka zaunar da su.

Zafi ya taso, gumi ya fara aiki. Koko ya yi laushi, tururuwar da ta kwana a ɗinkin rigunan ta farka. Masu hidima suka shiga murguɗa kafaɗa da karkaɗa ƙugu, hannu biyu riƙe da tire ba halin susa. Wata gwaggon ango ta ce kai, mutanen Jogja da son al'ada, har raba romo da rawa suke yi. Kofuna suka fara isa da shuɗin yatsa a baki, baƙi suna sha suna duban leɓen juna, kowa na jin nauyin gaya wa ɗan'uwansa.

Jatmiko bai ga ko ɗaya ba, idonsa na kan Pak Hendarto da ke zaune a layin gaba cikin rigar siliki mai ruwan madara. Abin da ya dame shi kawai, babu wani abu a hannunsa da zai nuna zanen da shi in lokaci ya yi. Ya zaga bayan rumfa yana nema, sai ya ci karo da aikin Mbah Kromo, tsohon da ake kira ya tare ruwan sama. Watan ruwa ne, kuma ba mai yin biki a watan ruwa bai kira Mbah Kromo ba. Tsohon ya kafa tsintsiyar kwakwa a ƙasa, kanta a sama, ya soke jan barkono da ƙananan albasa a tsinkayenta, ya ce kada a taɓa har baƙi su watse. Jatmiko ya san ko mece ce, a ƙauyensu ma haka ake yi. Amma ya ɗaga kai ya ga sama garau, ya dubi jan barkonon nan a kan tsinkaye, ya ce wallahi tsohon mai zane ne bai sani ba. Minti biyar kawai zai ara. Ya tumɓuke ta.

Ni dai ban ce tsintsiya na tare hadari ba, Allah ke saukar da ruwa a lokacin da ya so. Abin da na gani da idona nake faɗa.

Ana gama raba shinkafa ya karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa, ya ce a yi masa afuwa, akwai kyauta ta musamman ga ango da amarya da kuma babban baƙo daga Jakarta. Ya kora masu hidima sittin waje, filin da rumfa ba ta kai ba, ya jera su bisa lamba, bayansu ga jama'a. Ya je ya riƙo hannun Pak Hendarto ya kawo shi bakin rumfa. Ya ɗaga tsintsiya mai barkono ya nuna farkon jan layin, ya ce wannan haihuwa ce, inda taya ta bi kuma gwagwarmayar rayuwa ce. Daga can cikin jama'a Mbah Kromo ya hango abin da ke hannunsa, ya miƙe tsaye a hankali, cokali na bakinsa.

Bai kai lamba goma sha biyar ba iska ta kaɗa. Ɗigo ɗaya ya sauka a makirfo, kowa ya ji shi a lasifika. Kafin ya ce a yi haƙuri ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

"Ku tsaya a layi, yanzu zai ɗauke," in ji Jatmiko.

Suka ɗan tsaya saboda kunya, daidai gwargwadon da ja da shuɗi da rawaya za su narke su gangaro wando. Kaji sittin suka zubo daga ƙirji zuwa ciki. Sannan gaba ɗayansu suka ruga cikin rumfa, inda mutum ɗari uku ke zaune cikin leshi da siliki da rinannen yadin batik na gani na faɗa. Wuri ya matse, duk wanda ya gogi mai hidima ya ɗauki rabonsa. Uwar ango ta sami shuɗi daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, liman ya sami rawaya a hula, yara kuwa da suka gano abin da ke faruwa suka shiga dangwala hannu a bayan mutane suna bugawa a kujeru. Guntayen jarida da ƙyallayen zanen mai unguwa suka saki kafaɗu suka koma manne a jakunkunan mata. Lasmini ce kaɗai ta yi tunani, ta fizge mayafin tebur ta lulluɓe amarya da shi tun daga kai, ta tura ta cikin gida.

Kang Sarjiyo ne ya zo a ƙarshe da gudu, santsin koko ya kwashe shi, ya nemi abin kamawa, ya sami Pak Hendarto. Suka rungumi juna suka zube kan kujeru. Da aka ɗaga su, ga kaza nan a ƙirjin rigar siliki, ta ɗan jirkice amma ana gane guntun bindin.

Jatmiko ya matso, jiƙe sharkaf, tsintsiya a hannu. Ko a lokacin bai fid da rai ba. Ya tambayi baƙon, cikin ladabi, yaya ya ga aikin.

Pak Hendarto ya dubi ƙirjinsa, ya ciro tikitin mota daga kunnensa.

"Shekara ashirin ina bin zane ina saye, Mas. Yau ne karo na farko da zane ya biyo ni ya kayar."

Mbah Kromo ya iso ya zare tsintsiyarsa daga hannun Jatmiko, ya ƙirga barkonon, ya ce a shaida ba aikinsa ne ya ƙi ci ba. Yu Ponirah ta ce ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai wannan tsuntsun ya haɗa da dangin ango. Pak Tukiran yana tsaye yana ta murmushi, yana tsince ƙyallayen zanensa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa.

A daidai nan tasi ta tsaya a bakin lungu. Pak Darmaji ya fito da lema da baƙin tabarau, daga tashar jirgin ƙasa kai tsaye, don kada biki ya wuce shi. Aka buɗa masa hanya. Ya tsaya tsakiyar rumfa ya cire tabarau, ya dubi masu hidima, ya dubi baƙi, ya dubi kwatar da ke gudu da ruwa kala uku. Shekara biyu rabonsa da ganin launi tangaran.

"Likita ya ce in na buɗe ido zan ga duniya ta sake," ya ce a hankali. "Ban zaci haka yake nufi ba."

Jatmiko ya buɗe baki zai yi bayani, tsohon ya miƙa hannu kawai, tafin a sama. Duk ruwan da ya daki Jatmiko bai ji shi ba sai yanzu. Ya ciro igiyar daga wuya, ta rine ta koma shuɗiya, ya ajiye a tafin. Pak Darmaji ya goge makullin da gefen rigarsa, ya kira Lasmini daga ƙofar gida, ya rataya mata a gaban kowa. Ya ce tun tana 'yar shekara goma take haɗa masa launi, shi ne dai idonsa ya rufe bai gani ba.

Ta karɓa ba ta yi murna ba. Ta juya ga Pak Tukiran da uwar ango, ta ba su haƙuri da sunan shagon, ta ce duk wanda kayansa suka ɓaci ya kawo gobe, za a wanke a goge a kai masa har gida. Tun da launin bai kama rigar da aka buga shi a kai ba, in ji ta, ba zai kama tasu ba.

Washegari da hantsi layi ya miƙe daga ƙofar shagon har teburin shayi, kowa da ƙunshinsa. Jatmiko na tsugune a bakin rijiya tsakanin baho uku, kumfa har gwiwar hannu, Lasmini na tsaye a kansa tana ware na siliki daban, makulli na ƙara a wuyanta duk sa'ad da ta sunkuya. Ya daɗe bai ɗaga kai ba, kunya ta ishe shi. Yu Ponirah ta ƙaraso ta sauke nata ƙunshin, ta tambaye shi ko har yanzu yana jin lokaci a jikinsa.

Ya leƙa ta bayanta ya ga tsawon layin. Ya ɗan gyara tsuguno.

"Yu, ki faɗi gaskiya. Duk Jogja, wane mai zane kika taɓa ganin an yi masa layi haka a ƙofa?"

"Cuɗa da kyau, Mas," in ji Lasmini, ta jefa masa rigar liman a baho. "Akwai mayafan tebur arba'in suna zuwa."